Yadda Ɗalibai a Katsina Za Su Bi Sawun Kuɗin Siyasa, Su Nemi a Gyara

A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna a kan naira miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. PDP ta sayar da nata a kan miliyan 21 da miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara 139 bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin fom ɗin gwamna na APC. Fom kaɗai ke nan. Ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan motoci da fosta da sojojin baka ba, balle taliya da atamfar ranar zaɓe. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ran 31 ga Mayu 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma ɗan shekara 25 da bai gaji dukiya ba, in yana son tsayawa, sai ya nemi ubangida. Shi kuma ubangida bashi yake bayarwa, kuma daga baitulmali ake biyansa, da kuɗin da ya kamata ya zama magani a asibiti ko rufin aji.

Ba wanda bai san wannan ba a Katsina. Ana faɗa a majalisar shayi, ana faɗa a cikin Keke Napep. Abin da babu shi ne lissafi a rubuce, mai kwanan wata da hoto, wanda za a ajiye gaban ɗan majalisa ya kasa musantawa. Ɗalibai sun fi kowa dacewa da wannan aiki, domin a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko ta Tarayya da ke Daura, aji guda kan haɗa 'yan ƙananan hukumomi goma ko fiye daga cikin 34 na jihar, kuma duk hutu kowa gida yake komawa.

Kafa ƙungiyar

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa a fara. In suka haura haka tun farko, zama kan koma gardamar jam'iyya. A tabbata akwai mata aƙalla uku, domin kaso mai yawa na rabon kayan zaɓe cikin gidaje ake yinsa, inda namiji ba ya shiga. A samu mai karanta shari'a ko kimiyyar siyasa, da mai karanta akanta wanda zai riƙe lissafi, da wanda ya iya ɗaukar hoto da waya yana adanawa a tsare. A haɗa da 'yan aji ɗaya da aji biyu tun ranar farko. Dalilin zai zo a ƙarshe.

Sai rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Yawanci za a nemi tsarin mulkin ƙungiya, da sunayen shugabanni, da malamin da ya yarda ya zama uban ƙungiya. A zaɓi malamin da ba a san shi da wani ɗan takara ba. Makarantu na tsoron duk abin da ke warin jam'iyya, don haka a rubuta manufar yadda take: ilmantar da masu zaɓe da nazarin kuɗin yaƙin neman zaɓe. A ƙara da cewa ƙungiyar ba ta neman wa kowa ƙuri'a. Wannan ba don a faranta wa hukumar makaranta rai ba ne kawai, sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a asusun jam'iyya.

Ƙa'ida guda ce ba a sassauta ta: ba a karɓar ko sisin kwabo daga ɗan siyasa, ko yaronsa, ko gidauniyarsa. Ba kuɗin mota, ba kuɗin data, ba lemon taro, ba riga mai tambari. Gwajin zai zo da wuri kuma da fara'a, sau da yawa ta hannun tsohon shugaban ɗalibai da ya zama hadimin wani. A shirya amsar tun kafin ya zo: "Yaya, mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, amma dokarmu ta hana, ko ni na karɓa kora ta za a yi." Kuɗin aiki ya fito daga karo-karo. Naira 500 a wata daga mutum goma sha biyu naira 6,000 ce, ta isa takarda da kwafi da kuɗin mota zuwa cikin gari. Duk ƙarshen wata a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa. Wanda ke neman jam'iyya ta buɗe littafinta, nasa ya kamata a fara gani.

Abin da doka ta ce

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade a sashe na 88 iyakar abin da ɗan takara zai kashe: shugaban ƙasa naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Mutum guda ba zai ba ɗan takara fiye da miliyan 50 ba. A dokar 2010 iyakar gwamna miliyan 200 ce, gudummawar mutum guda miliyan 1, wato gudummawar an ninka ta sau hamsin a gyara ɗaya. Majalisar Tarayya kan taɓa waɗannan alƙaluma duk sanda ta yi wa dokar garambawul, saboda haka kafin a buga komai a sauko da dokar da ke aiki a ranar daga shafin hukumar zaɓe ta INEC, a kwafo lambar sashen daidai.

A lura da hukuncin, domin nan rauni yake. A dokar 2022, ɗan takarar da ya haura iyaka, tararsa kashi 1 cikin 100 ne na abin da aka halatta masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. Ga mai neman gwamna naira miliyan 10 ke nan, abin da bai kai kuɗin taro guda ba. Dokar ta kuma wajabta wa jam'iyyu su miƙa wa INEC rahoton gudummawar da suka karɓa cikin wata uku bayan bayyana sakamako, da rahoton abin da suka kashe, wanda akanta ya tantance, cikin wata shida, su kuma buga shi a jaridun ƙasa biyu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta. Sashe na 225 na tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasar waje.

Littafin ƙirga

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Kada a ce za a bi jihar gaba ɗaya. Mazaɓu 361 sun fi ƙarfin mutum goma sha biyu. A ɗauki kujera guda, misali ta majalisar jiha a Batagarawa, ko Katsina, ko Daura, a bi 'yan takara uku mafi ƙarfi, daga ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓe har ya rufe. Dokar 2022 ta ba da kwana 150, ana tsayawa awa 24 kafin zaɓe.

Littafin ya kasance da gurbi bakwai: kwanan wata, wuri, ɗan takara, abin da aka gani, adadinsa, farashin guda, da shaida. A riƙe shi a takarda, a kuma zuba shi a kwamfuta duk mako, kwafi biyu a hannun mutum biyu.

Allunan talla sun fi sauƙi. Mutum biyu su zagaya manyan hanyoyi da shataletale sau ɗaya a mako, a rana guda kuma ta hanya guda, kamar daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar Soro. Kowane allo a ba shi lamba a littafi, in ba haka ba mako na biyu za a sake ƙirga na makon farko, lissafin ya kumbura, kuma kuskure guda irin wannan ya isa a yi watsi da rahoton duka. Fosta ba a ƙirga ta ɗaya-ɗaya. A zaɓi tituna biyar, a ƙirga na mita 200 a kowanne, a rubuta cewa samfuri ne.

Farashi kuwa a wurin masu sana'ar ake samunsa. A je wurin masu buga takardu uku daban, a tambaya kamar mai saye: "Malam, fosta dubu ɗaya mai kala, babba, nawa za ka yi mini? Allo mai ƙafa goma fa?" Haka za a yi wa masu hayar rumfa da kujeru da lasifika, da direbobin bas a tasha. Cikin farashi ukun a ɗauki mafi ƙanƙanta, kullum. Idan aka ce ɗan takara ya kashe aƙalla kaza, da farashin da ya fi kowanne araha, ba shi da ta cewa. Idan aka ɗauki na sama, sai ya fito da rasit guda ya ƙaryata ku.

A ranar babban taro, mutum huɗu su tsaya a mashigai daban tun kafin jama'a su cika, su ƙirga motocin da suka kwaso mutane: bas nawa, ƙananan motoci nawa, babura nawa. A ce an ƙirga bas 60, kuma hayar bas na yini a tasha naira 40,000 ce. Naira miliyan 2.4 ke nan a mota kawai, kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyu na iyakar ɗan majalisar jiha a dokar 2022, a yini guda. A ƙara rumfuna, kujeru, janareta, makaɗa da mawaƙa. A lura ko akwai motoci masu lambar gwamnati, domin sashe na 95 na dokar zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kayan gwamnati don fifita wani ɗan takara.

Rediyo na buƙatar haƙuri. A raba tashoshi tsakanin mutane, kowa ya saurari sa'o'in da aka fi sa talla, safe da bayan magariba, yana rubuta tallar wa aka sa, sau nawa, daƙiƙa nawa, da shirye-shiryen da aka saya sukutum. Takardar farashin talla ana samunta a sashen kasuwanci na kowace tasha. Na Facebook kuma, kamfanin Meta yana da rumbun tallace-tallace a buɗe, inda ake ganin tallar siyasa da ƙiyasin abin da aka biya.

Akwai kuɗin da ido ba ya gani: na daliget a zaɓen fidda gwani, na ejan-ejan, na Ƙauraye ('yan daban Katsina), na ambulan da ake kaiwa da dare. Wannan sau da yawa ya fi na fili yawa, amma a ware shi a babi na daban, a kira shi abin da aka ji daga baki. Kada a rubuta komai sai mutum biyu da ba su san juna ba sun faɗi abu ɗaya, kuma kada a taɓa rubuta sunan wanda ya faɗa, ko a littafin sirri. Wayoyi na ɓata, littattafai na faɗawa hannun da bai dace ba.

Wasiƙa zuwa INEC

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takarda daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma hukumar na da kwana bakwai ta amsa. A rubuta wa Kwamishinan Zaɓe na jiha, a nemi abu takamaimai: kwafin rahoton kuɗin zaɓe da jam'iyya kaza ta miƙa na zaɓen shekara kaza, da ranar da ta miƙa shi. Wasiƙar da ta ce "duk bayanan kuɗin jam'iyyu" ba ta samun amsa. A kai kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Ba hatimi, ba shaida. In kwanakin suka cika shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma akwai kwana 30 na zuwa kotu. Nan malamin shari'a zai yi amfani. In kuma amsar ta zo cewa jam'iyyar ba ta miƙa komai ba, wannan ma sakamako ne, a buga shi.

Me za a nema?

Ƙungiyar da ta tsaya a "a daina siyasar kuɗi" ba ta nemi komai ba. Yaƙin neman zaɓe dole ya ci kuɗi, ko mai gaskiya sai ya sayi fetur. Tambayar ita ce daga aljihun wa. Shi ya sa ake maganar gwamnati ta ɗauki wani kaso na nauyin, bisa sharaɗi.

Da an faɗi haka za a ji: "Kuɗin talakawa za a ƙara wa ɓarayi?" Tambaya ce mai nauyi, kuma tarihinmu ya ba ta ƙarfi. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ta gina musu ofisoshi, ta ba su kuɗi, kuma hakan bai hana masu kuɗi mamaye su ba. A jamhuriya ta huɗu INEC ta riƙa raba wa jam'iyyu tallafi, har wasu suka yi rajista don tallafin kawai, dokar zaɓe ta 2010 ta dakatar da shi. A Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a rana guda. Darasin shi ne an ba shugabannin jam'iyya kuɗi ba tare da an ɗaura shi da goyon bayan jama'a ko buɗe littafi ba. Ƙofar kuwa ba a rufe ta ba: sashe na 228 na tsarin mulki har yanzu ya ba Majalisar Tarayya ikon yin dokar tallafin shekara-shekara ga jam'iyyu ta hannun INEC.

Wasu wurare sun ɗaura sharaɗin. A birnin New York na Amurka, ƙaramar gudummawar da mazaunin birni ya ba ɗan takara, hukuma na ninka ta sau takwas, muddin ɗan takarar ya yarda da iyakar kashewa da binciken asusunsa. A Jamus ana ba jam'iyya gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Kenya ta ware kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati ga asusun jam'iyyu a dokarta ta 2011. Tsarin ninkawa ne ya fi dacewa da mu, domin yana tura ɗan takara ƙofar talaka neman naira dubu, maimakon falon attajiri neman miliyan. A ce mai neman majalisar jiha ya samu mutum 2,000 masu katin zaɓe a mazaɓarsa, kowa ya ba shi naira 1,000: miliyan 2. Hukuma ta ƙara masa ninki shida, miliyan 12, ya tashi da miliyan 14. Malamin makaranta da unguwa ta yarda da shi zai iya yin takara da wannan. Inda za a yi maguɗi a bayyane yake, mai kuɗi zai raba dubu-dubu a dawo masa da ita da sunan gudummawa. Don haka shawarar ta ƙunshi cewa kuɗin ya fito daga asusun banki mai sunan mai bayarwa, a haɗa da lambar katin zaɓensa, a riƙa zaɓo wasu ana bincika, wanda aka kama ya mayar da duka a kuma hana shi takara.

Wannan na Abuja ne, kuma hanyarsa 'yan majalisar wakilai 15 da sanatoci uku na jihar. Akwai kuma abin da Katsina za ta iya yi da kanta ba tare da ta kashe wani abin kirki ba: mintoci daidai wa daida kyauta ga kowane ɗan takara a rediyo da talabijin na jiha, muhawara guda ga kowace kujera, da filayen taro na gwamnati a kan farashi ɗaya ga kowa, wanda ya riga nema shi ke da rana. Zaɓen ƙananan hukumomi kuma hukumar zaɓe ta jiha ke yinsa, kuma majalisar jiha mai kujeru 34 ce ke da ikon gyara dokarta. In za a kai takarda can, shafi biyu ya isa: na farko lissafinku, na biyu buƙatu uku. Yana da kyau a tuna musu cewa ɗan garin nan, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais, wanda a rahotonsa na 2008 ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe.

Kafin a je ko'ina, a gwada a gida. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai ma ya zama na kuɗi, har 'yan siyasar gari na ɗaukar nauyin masu takara. A nemi majalisar ɗalibai ta sa iyakar kashewa, ta rage kuɗin fom, ta buga wa kowane ɗan takara fosta adadi ɗaya daga asusun ƙungiya, ta kuma sa kowa ya liƙa lissafinsa kwana uku kafin zaɓe.

Fita cikin jama'a

Rahoton ya fito da Hausa, shafi ɗaya, da wani na sauti na minti biyu don WhatsApp. A saki na duk 'yan takarar a lokaci guda. In aka fara da na mutum ɗaya, kafin la'asar an ce ɗayan ne ya saye ku. Kada a rubuta "ya saci" ko "ya karya doka". A rubuta "mun ƙirga kaza, iyakar doka kaza". A aika wa kowane ɗan takara nasa kwana uku kafin a fitar, in ya ba da amsa a buga ta tare.

Wurin iyaye mata a sassauta harshe. Matar da ta karɓi taliya ba ta rasa hankali ba, yunwa ce, kuma ta ga shekara huɗu ba wanda ya leƙo ta. Wa'azi daga sama ba ya shiga. Lissafi yana shiga: "Inna, dubu biyar ɗin nan in aka raba ta a shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba." A nemi limamai da malaman Islamiyya su taɓo hadisin la'antar mai ba da rashawa da mai karɓa, ba tare da sun ambaci jam'iyya ba. A kuma sanar da mutane cewa doka na hukunta mai sayen ƙuri'a da mai sayarwa duka: sashe na 121 na dokar zaɓe ta 2022 ya sa tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12.

Tattaki a titi shi ne na ƙarshe, in ma za a yi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa taron lumana ba ya buƙatar izinin 'yan sanda, amma a sanar da su a rubuce don tsaro. Kowa ya ga yadda ɓata-gari suka shiga zanga-zangar Agustan 2024 har aka sa dokar hana fita. Taro a ɗakin lacca, da 'yan jarida biyu da alƙaluma a allo, ya fi amfani kuma ba a ƙwace shi. Ranar zaɓe kuwa, INEC ƙungiyoyi take tantancewa su sa ido, ba ɗaiɗaikun mutane ba, sai a shiga ƙarƙashin wadda aka tantance tun watanni kafin lokacin. Wanda ya ga ana rabon kuɗi ya rubuta lokaci da lambar rumfa, ya kai wa EFCC ko ICPC. Kada ya ɗaga waya a fuskar masu rabo, kada ya yi gardama da Ƙauraye.

Abin da ya fi kashe irin wannan ƙungiya ba barazana ba ce, kammala karatu ne. Zaɓe duk shekara huɗu ne, digiri ma haka, kuma rahoton jam'iyyu sai wata shida bayan zaɓe yake fitowa, lokacin da waɗanda suka yi ƙirgar sun tafi bautar ƙasa. Saboda haka mataimakin kowane muƙami ya kasance ɗan aji biyu, a miƙa ragama a farkon zangon ƙarshe ba a ƙarshensa ba, a kuma ajiye kwafin littafin ƙirga, da wasiƙu masu hatimi, da lambobin sirrin shafukan ƙungiya a ofishin malamin da ke uban ƙungiya.